Ba'ana, Mai Nema wa Hotunan Mutane Wuri

Ba'ana ba ya buɗe shago da sassafe. Sai rana ta ɗan ɗaga, batirin sola ya fara shan caji, sannan keke napep za ta ajiye shi a bakin titin Bulumkutu, ya tako a hankali da ledar burodinsa a hannu. Zai gaisa da mai shayin da ke gefe, wushe wushe irin gaisuwar Kanuri, ya zare kwaɗo, ya yaye tsohon zanen da yake lulluɓe kwamfutar da shi. Kafin ya kurɓi shayin ma, abu na farko da yake dubawa shi ne ɗan layin nan mai nuna yawan wurin da ya rage a ma'ajiyar kwamfutar. In shuɗi ne, ya yi hamdala. In ya koma ja, to shayin sai ya huce.

Shagon ba wani babba ba ne. Ana buga takardu, ana ɗaukar fasfo, ana wanke hoto. Rhoda, wadda ta daɗe tana yi masa aikin buga rubutu, ita ce ke zama a teburin bakin ƙofa, kuma daga bakinta aka ji akasarin abin da za a faɗa a nan, domin shi Ba'ana in ka tambaye shi labarin kansa sai ya kawo maka zancen zafi da rashin wuta.

A shekarun da mutane suka yi ta kwararowa Maiduguri daga Bama, Marte, Gwoza da ƙauyukan da ko sunansu ba a ji a rediyo, wani irin ciniki ya fara zuwa masa. Mace za ta shigo da 'yar waya mai tsagaggen gilashi, ko dattijo ya kwance bakin hularsa ya fito da ɗan katin memori, a ce a wanke hoton wane. Ba don ado ake so ba. Da shi za a bi sansani-sansani ana nuna wa jama'a, ko wani ya gan shi. A al'adar sana'ar, da an wanke hoto an miƙa, sai a goge a ba na gaba wuri. Amma Ba'ana ya lura mutanen nan suna dawowa. Takardar ta yage, ko gumi ya cinye fuskar, wayar kuma ta ɓata ko an rabu da ita. Daga nan ya fara tambayar kowa: "In ajiye maka guda a nan?" Ba wanda ya taɓa cewa a'a.

Cikin waɗanda suka bar ajiya har da Kaltumi. Mijinta Saleh dillali ne a Kasuwar Shanu. Ya bi hanyar Dikwa sayo dabbobi, daga ranar ba shi ba labarinsa. Abin da ya rage mata hotonsa ne yana riƙe da igiyar wani farin sa, da wani gajeren saƙon murya da yake cewa kada a jira shi da abinci. Ta yi ta zuwa ana sake wanke mata hoton. Wani lokacin ba ta ma neman hoton, sai ta zauna a benci ta ce, "Malam, kunna mini." Ba'ana ya sa mata abin sauraro a kunne, ya juya baya yana lalube a cikin durowa kamar mai neman wani abu, har sai ta gama. Daga baya ƙafarta ta ɗauke, shekaru suka wuce ba a gan ta ba.

Kwamfuta ɗaya ce, tsohuwa, cikinta kuma yana da iyaka. Abin da ya taimake shi wata 'yar manhaja ce mai binciken ma'ajiya. In ya kunna ta, sai ta bi duk abin da ke ciki ta auna, ta zana shi a fuskar kwamfutar kamar filin da aka yanka fuloti-fuloti, kowane da launinsa. Abin da ya ci wuri da yawa ya fito ƙato, ƙanana su taru a lungu kamar tsaba. Da ita yake kamo ɓarayin wuri: finafinan da wani ya zuba ya manta, bidiyon biki da aka kwafa har sau uku da suna daban-daban, tarkacen da kwamfuta ke tarawa da kanta. Waɗannan yake sharewa. Doka ɗaya ya kafa wa kansa, kuma ya kafa wa Rhoda: ba a goge fuskar mutum sai mai ita ya ce a goge. Ko ɗalibai da ma'aikata da ke kawo masa tasu kwamfutar ta cika ta daina motsi, ba ya ce musu a share komai a fara sabo. Yakan jawo musu kujera ya nuna musu zanen. "Ga abin da ya cinye maka wuri. Ka san shi? Kana so?"

A cikin zanen tasa kwamfutar akwai wani ƙaton fuloti da bai taɓa taɓawa ba. Bidiyon walimar saukar Alƙur'ani ne na 'yarsa Muhsinat, wanda wani abokinsa ya ɗauka da babbar kyamara tun daga ɗora tukunya har watsewar baƙi. Ita kaɗai Allah ya ba su shi da matarsa Munawwara. Ba ta cika shekara da saukar ba zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Bidiyon yana wuri biyu: cikin kwamfutar shago, da kuma wata ma'ajiya ta hannu da ke gidansu a Bulabulin.

Sai ga ambaliyar watan Satumba na 2024. Ruwan madatsar Alau ya shigo gari, Bulabulin ta nutse. Ba'ana da Munawwara suka fita da kayan jikinsu, suka fake a gidan yayarsa a Bulumkutu, inda ruwan bai kai ba. Ma'ajiyar hannun nan ta yi kwanaki cikin laka. Da aka tono ta, ko motsi ba ta yi ba.

Da ya buɗe shago, sai ya tarar da layi. Mutane ne riƙe da wayoyin da suka sha ruwa da katunan memori a ƙulle cikin leda, wasu da laka har gwiwa. Ya san halin kayan da suka jiƙe. Wani zai buɗe sau ɗaya ne kawai, in ba a kwashe abin da ke ciki nan take ba, tsatsa ta shiga, shi ke nan. Ya shiga kwashewa. Kafin azahar ɗan layin ma'ajiyar ya koma ja, kwamfuta ta ce ba wuri. Shagunan da ake samun sabuwar ma'ajiya suna cikin ruwa, hanyar sadarwa kuwa ko kira da ƙyar take yi, balle a tura abu wani wuri. Ya kunna manhajar, ya share duk abin da zai sharu, har takardun da shi kansa ya buga. Wurin da aka samu mutum kaɗan ya ɗauka ya sake cika.

Rhoda ta matso ta nuna wani lungu da yatsa. "Oga, waɗannan fa tun zamanin gudun hijira suke. Shekara da shekaru ba wanda ya zo tambaya."

"Na sani."

"To mu rage su mana. Ga masu rai a waje suna jira."

"Wanda bai zo ba, ban san abin da ya hana shi zuwa ba," in ji shi. "Kuma duk ki tara su, ba su kai rabin wancan ba."

Ta bi idonsa zuwa ƙaton fulotin. Ta san abin da ke ciki. "A'a, Oga. Wannan kam a'a."

Ya tashi ya ce wa mutanen layi su yi haƙuri, yana zuwa, ya taka da ƙafa zuwa gidan yayarsa cikin tsakar rana. Ya sami Munawwara a tsakar gida tana shanya 'yan tufafin da aka ba su. Tun rasuwar yarinyar ba ta taɓa iya kallon bidiyon ba, amma lokaci-lokaci takan tambaye shi, "Yana nan dai ko?" Ya tsuguna kusa da ita ya gaya mata komai, bai rage ba. Ya ce na gida ya mutu, na shago ne kaɗai ya rage, kuma in ta ce a'a, zai koma ya sallami mutane.

Ta daɗe tana matse riga ɗaya da ta riga ta tsane.

"Su wane ne a layin?"

"Irinmu ne. Akwai wata ma da ta ce hotunan 'ya'yanta biyu ne a wayar, kuma ruwan ya tafi da ɗaya."

Munawwara ta shanya rigar, ta gyara mata zama a kan igiya, ba ta dube shi ba. "Abban Muhsinat, ka bar mini muryarta. Sauran ka yi yadda ka ga dama. Amma kada ka gaya mini in ka gama."

Ya koma. Ya yanko inda yarinyar ke karatu daga allonta, da wani ɗan wuri da ta yi dariya lokacin da uwar ke gyara mata mayafi, ya tura a wayarsa. Sannan ya zaɓi ƙaton fulotin. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Rhoda ta ce ta ga leɓensa yana motsi, ba ta ji abin da ya faɗa ba. Ya danna. Zanen ya sake shiri, wurin ya zama fili fetal, layin ya koma shuɗi. Ya share fuska da hularsa ya ce, "Kira na gaba."

Da so samu ne, da an ce duk wanda ya zo ya koma da murna. Ba haka aka yi ba. Wayoyi da yawa ba su buɗe ba sam. Matar nan mai 'ya'ya biyu an samo mata hotuna kaɗan, na yaron da ya rasu guda ne ya fito, shi ma rabinsa toka-toka. Ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. Da hanyoyi suka buɗe, aka kawo masa sabuwar ma'ajiya mai faɗin gaske, ya zauna ya gwada duk dabarar da ya sani ko bidiyon zai dawo. Hotunan mutane sun riga sun hau kan gurbinsa. Ko ƙyallinsa bai gani ba.

Bayan makonni, sai ga Kaltumi, ta rame ta yi duhu. Ashe ciwo ne ya zaunar da ita duk shekarun nan, ruwa kuma ya tafi da wayarta da duk hotunan da ta manna a bango. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, na san an daɗe. Na zo ne dai kawai." Ya ce ta shigo ta zauna, ya miƙa mata abin sauraro. Saleh bai dawo ba har yau. Sauran masu ajiyar lungun nan kuwa, akasarinsu ba su zo ba, kuma wataƙila ba za su zo ba.

Yanzu idon Ba'ana ya gaza. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Launukan zanen sun fara haɗe masa, ba ya bambance ja da shuɗi sai Rhoda ta gaya masa. Ya ce ba zai zauna gaban ajiyar mutane yana danne-danne cikin lalube ba. Ƙarshen watan nan zai miƙa mata makulli ya koma gida.

Ba'ana, kai ne ka riƙe wa garin nan fuskokin da ya rasa, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya rubuta sunanka a ko'ina. Kai ne ka juya baya don matar Saleh ta yi kukanta ba tare da kunya ba. Kai ne da wurin ajiya ya ƙure ka duba abin da ya fi kome tsada a wurinka ka ce a fara da shi. Mai amana, ɗan halak. Da kai da Munawwara, wadda ta ba da abin da ba za a iya mayar mata ba, mun gode. Allah ya jiƙan Muhsinat, ya haɗa ku da ita a inda ba a rabuwa, ya sassauta maka abin da ya rage na ganinka.

Ku kuma masu gyaran waya da kwamfuta da kuka cika garin nan, in an kawo muku na'ura ta cika, kada ku yi saurin sharewa. Ku buɗe ku duba, ku jawo wa mai ita kujera, ku tambaye shi. Ba ku san wanda ke ciki ba. Duk wanda ya taɓa barin hoton ɗan'uwansa a shagon nan, ya je wurin Rhoda, ajiyarsa tana nan. Wanda kuma hanya ta bi da shi Bulabulin, ya ratse ya gai da Ba'ana, za a nuna masa gidan. Sai dai ku faɗi sunanku tun daga bakin ƙofa, domin yanzu ba ya gane fuska.