Ranar da Aka Ce Wata Ƙasa Za Ta Janye Sojojinta

Mijina soja ne. Ba a daɗe da ƙirƙiro mana jihar Kebbi ba aka tura shi Laberiya cikin rundunar ƙawancen ƙasashen Afirka ta Yamma. Ya bar ni a Birnin Kebbi wurin mahaifiyarsa, ina da cikin fari.

Wata safiya muna shanyar shinkafar da aka kawo daga Zauro, sai rediyo ya ce ɗaya daga cikin ƙasashen za ta janye sojojinta. Kafin a faɗi sunanta, batir ya mutu.

Inna ta saki ƙwaryar hannunta. "Wace ƙasa ta? Tamu ta?"

Na yafa gyale na nufi shagon maƙwabcinmu, wani Bayarabe mai sayar da kayan babur, wanda shi ma ƙanensa yana can. Na tarar ya manna rediyo a kunne, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Na tsaya ina jira.

Da ya sauke rediyon bai dube ni ba. Ya ce, "Amarya, ba namu ba ne. Wai namu ne ma za su karɓi wuraren da waɗancan suka bari."

Inna tana jirana a zaure. Ta kalli fuskata kawai, ta koma ta ci gaba da baza shinkafa.

Sai da 'yarmu ta fara rarrafe mijina ya dawo, yana ɗingishi. Ƙanen maƙwabcinmu bai dawo ba.