Kujtim da Mai Farar Hula

Kujtim Braho ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka ina da ikon faɗin duk abin da na ga dama a kansa, shi kuwa ba shi da ikon yin fushi. Ya girme ni da shekara tara, ya fi ni tsawo da kamu guda, amma a tsoro ya yi mini nisan tafiyar kwana uku. In ka gan shi a gonar zaitun yana rungumar dutsen da ƙarti biyu ba sa iya jijjigawa, sai ka rantse ba abin da ke kaɗa masa hanji. To ka bari mai kayan sarki ya gifta, ko da mai raba wasiƙu ne, ka ga ƙato ya koma ƙadangare.

Ba a banza ba. Yana da shekara talatin da ɗaya ya bar ƙauyenmu na bayan Vlora, ya ƙetaro teku daga Albaniya zuwa Italiya a kwalekwalen roba, su ashirin da bakwai, matuƙin ya juye su a ruwa tun ƙafa ba ta taɓa yashi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi ba takarda. Sau ɗaya aka kama shi a tashar mota, aka loda shi a jirgin ruwa aka mayar da shi gida. Bayan mako uku ya dawo, ya tarar ko tukunyar waken da ya bari ba a wanke ba. Sana'arsa ginin katangar dutse a gonaki, irin wadda ba siminti ba laka, dutse ke riƙe ɗan'uwansa. Daga garin da muke zaune a Italiya har birnin Bari, duk katangar da ka gani a miƙe tasa ce, karkatattun na wasu ne.

Da aka yi afuwa ga marasa takardu, mai gonar da yake wa aiki ya tsaya masa, ya samu izinin zama, aka rubuta sunansa da adireshinsa a rajistar gari. Daga ranar ya fara ƙirga. Ana so sunanka ya yi shekara goma cif a rajistar, ba tsinkewa, kafin ka nemi zama ɗan ƙasa. In ya tsinke ko na wata ɗaya ne, sai ka koma ɗaya. Kujtim ya kai shekara tara da wata takwas, yana da hamsin da biyu a duniya, sai mai gidan da yake haya ya mutu, magada suka sayar da gidan. Ya samu ɗaki biyu a saman wani tsohon bene a lungunmu, inda rabin masu shanya kaya a igiya 'yan ƙasarmu ne.

Ni na raka shi ofishin rajista a sauya masa adireshi, don ni ne mai Italiyanci a dangi. Aji biyar na yi a makaranta, sauran a kasuwar kifi na ƙarasa. Matar da ke bayan gilashi ta yi bayani, ni kuma na mayar masa da yarenmu. Cikin kwana arba'in da biyar ɗan sandan gari, irin masu sa hula fara a kayan aikinsu, zai zo ya gani da idonsa ko da gaske a nan yake zaune, kuma ba a faɗin ranar. In ya zo sau uku bai same shi ba, za a soke rajistar. Sabon mai tsohon gidan kuwa ya riga ya kai rahoto cewa Kujtim ya tashi, don haka ba inda sunan zai koma, faɗuwa zai yi. Kujtim ya ce to, ya ce to, ya sake cewa to. Ni na san daga kalmar ɗan sanda kunnensa ya toshe.

Ranar ta goma sha ɗaya, ya dawo cin abincin rana, ƙararrawar ƙofa ta buga. Ya leƙa ta taga, ya hango farar hula a ƙasa. Shi da kansa ya ce bai san lokacin da ƙafarsa ta yanke hukunci ba. Da ya dawo hayyacinsa, yana kan rufi na uku daga nasa, a tsugune tsakanin zannuwan gadon wata tsohuwa, da cokali a hannu. Ya sauko ya ƙarasa wakensa, bai gaya wa kowa ba.

Zuwa na biyu kuwa, kaina ya faɗa. Asabar ce, rana ta ashirin da bakwai, muna zaune a shagon kofi na bakin lungu, mai farar hula ya tsaya a kanmu da takarda ya tambaya ko mun san wani Braho Kujtim. A wurinmu, in mai kayan sarki ya tambayi ɗan'uwa, ba ka taɓa jin sunan ba. Haka kakanninmu suka yi a ƙauye, haka muka yi a nan shekara da shekaru, abin yana fita ne kamar atishawa. Na miƙe, na dafa ƙirji, na ce shekarata goma sha biyar a lungun nan, ko kare mai wannan suna ban taɓa gani ba. Sauran suka gyaɗa kai. Wani ya ce wataƙila ya mutu. Ni kuma don in ƙara gishiri na ce ya gwada Brindisi, garin da ake loda mutane a jirgin ruwan Albaniya, har da kwatanta masa hanya. Ya rubuta wani abu ya tafi. Na hau bene da gudu in yi wa ɗan kawu albishir na cece shi, a matakala ta bakwai na tuna wanda ya yi tafinta a ofis.

Matarsa Lumturi tana jinyar wata tsohuwa a Bari, can take kwana, Lahadi kawai take zuwa. Ta shigo ta dube mu, ta ajiye burek ɗin da ta kawo, wato gasasshiyar wainar cuku ta ƙasarmu, kafin ya huce ta tatse mu duka biyu. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi muni.

"Shekara goma ina juya tsohuwar mutane ina wanke ta," in ji ta, "don ranar nan. Ɗaya ya hau rufi, ɗaya ya aika hukuma Brindisi. Kai kuma Sokol, da da bakinka ake kamun kifi, da an gama da teku."

Litinin ta tasa mu gaba zuwa ofis. Matar bayan gilashi ta karanta mana layi biyu: na farko, ba a same shi ba, na biyu, maƙwabta sun ce ba su san shi ba. Saura zuwa ɗaya, saura kwana goma sha shida. Lumturi ta roƙa a faɗa mana ranar, ko makon. Matar ta ce da ana faɗa, ai da ba bincike ba ne.

Kafin ta koma Bari, Lumturi ta rubuta sunansa a jikin ƙararrawa da baƙaƙen da makaho zai karanta. Ta bi lungu gida gida ta ce doka ta canza, duk wanda ya tambayi Kujtim a ce an san shi. Jama'a suka karɓi abin fiye da kima, har mai kawo tukunyar gas sai da aka tare shi aka ba shi tarihin Kujtim tun daga yaye. Sannan ta kulle ƙofar hawa rufi, ta jefa makullin a jakarta, ta ce ni in zauna da shi kullum daga safe har ofisoshi su tashi, tunda ni na ɓata.

Ya ajiye aiki, katanga rabi a tsaye, mai gona yana ta waya. Muka zauna. Ban taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Babur ya wuce, ya miƙe. Maƙwabta su ja kujera, ya miƙe. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huji biyu a bel. Na ce mu yi gwaji: na kifa farin kwano a kai, na sauka na buga ƙararrawa. Ya san ni ne, shi ya miƙo mini kwanon, amma da na hau sai na same shi manne da bango yana haki. Kwana talatin da biyar, shiru. Arba'in, shiru. Na fara tunanin ko mutumin ya gaji ya rubuta na ukun daga kan teburinsa, amma ban faɗa ba.

Ranar ta arba'in da uku, ana yayyafi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙararrawa ta buga.

Kujtim ya tashi, bai nufi ƙofar gida ba, ƙofar rufi ya nufa. Ya kama mariƙin ya ja, ya sake ja, katakon ya yi ƙara. Ƙararrawa ta buga na biyu. Na tsaya a bayansa, na ga gumi yana bin ƙeyarsa cikin wannan sanyi.

"Ɗan kawu," na ce, "in ya buga na uku, ya tafi ke nan."

Ta buga na uku. Sai muka ji takun takalmi yana yin nisa a kan duwatsun lungu. Ya saki mariƙin. Ya taka zuwa taga kamar mai tafiya cikin ruwa, ya buɗe, ya sa kai waje. Muryar da ta fito ba ta kai ta ɗan tsako ba.

"Yallaɓai. Ina nan."

Takun ya tsaya. Sannan ya juyo.

Dattijo ne mai furfura a gashin baki, yana hawa yana numfashi. Ya karɓi takardun Kujtim ya duba, ya ɗaga kai ya gan ni a tsakar ɗaki sanye da silifas ɗin mai gida.

"A'a, mutumin Brindisi. Ashe ka samo shi."

Na fara bayani, ya ɗaga hannu. Ya ce zai duba gida. Ya buɗe firji: rabin albasa da ɗan cuku. Ya leƙa banɗaki: ba buroshi, ba reza, ba tawul. Ya shiga ɗakin kwana ya buɗe sif, sai maratayai suna lilo, ko safa babu. Ni kaina ban taɓa buɗe sif ɗin nan ba. A bayan ƙofa ya ga wani tsohon akwati jingine da bango, ya ce a buɗe. Komai yana ciki: riguna huɗu a ninke, reza, buroshi, tawul, takardu a leda, har tukunyar kofin da muka sha da safe, an wanke an goge an mayar.

Ya ce ya sha ganin irin wannan. Mutum yana zaune wani gari, sai ya ari adireshi, ranar da yake tsammanin bincike ya zo da akwati. Ga kuma maƙwabci da ya dafa ƙirji ya rantse.

"Sinyor Braho, abin da idona ya gani nake rubutawa. Na ga akwati. Ban ga gida ba."

Ya cire murfin biro. Na buɗe baki zan zuba, Kujtim ya ce mini da yarenmu in rufe shi ko ya rufe mini da dutse. Sai ya juya ya yi magana da Italiyancinsa na gona, kalma ɗaya ɗaya kamar yana jera katanga.

"Ranar da aka kama ni, da rigar jikina aka mayar da ni. Hoton mahaifiyata ma a nan ya tsaya. Tun daga ranar, abin da na ɗauka da safe sai in mayar. Matata ta yi faɗa har ta gaji. Ba tafiya zan yi ba, yallaɓai. Ban iya ajiyewa ba ne."

"Yau wa ke korarka?" in ji dattijon.

Kujtim ya durƙusa ya jawo akwatin tsakar ɗaki, ya ɗauki riga ɗaya ya nufi sif. Hannun da ke ɗaga dutse ya kasa sa riga a marataya, ta faɗi sau biyu. Dattijon bai dube shi ba, bango yake kallo. Gidajen lungunmu suna tsotsar ruwa da sanyi, kuma inda akwatin ya yi mako shida a jingine, danshi ya zana siffarsa a jikin farar ƙasa, baƙi ƙirin, har da gurbin mariƙi. Ya sa yatsa ya shafa, ya dubi yatsan, ya goge a wando. Ya yi rubutu mai tsawo, ya rufe takardar ba tare da ya nuna mana ba.

A bakin ƙofa na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya rubuta. Ya ce ba aikinsa ba ne ya faɗa. In kwana arba'in da biyar suka cika ba wasiƙar da ta zo, to an karɓa. Ni kuma, in ji shi, in na sake yi wa hukuma ƙarya a bakin aiki, shi da kansa zai kai ni Brindisi, kuma ba yawon buɗe ido ba.

Kwana biyu muka yi muna addu'ar kada komai ya zo. Mai raba wasiƙu ya shigo lungu, muka bi shi da ido daga taga har ya fita, ni ina riƙe da bel ɗin Kujtim. Washegari ya tsaya daidai ƙofarmu, ya daɗe yana laluben jaka, ashe sigari yake nema.

Ranar ta arba'in da shida Lumturi ta nemi izinin rabin yini, muka koma ofis mu uku. Matar bayan gilashi ta danna na'urarta, ta juyo mana da fuskar allon. Ga sunansa, ga sabon adireshi, ga ranar farko ta shekara tara da wata tara da suka wuce, ba giɓi a tsakani. Ya ce in karanta masa ranar, na karanta. Ya ce in sake, na sake. Lumturi ta shiga tambayar takardun neman zama ɗan ƙasa da za a haɗa kafin shekara goma ta cika a Afrilu, matar tana lissafa mata tana cewa bayan an shigar ma akwai jiran shekaru, ni ina tafinta ina ƙara nawa.

Da muka juyo, Kujtim yana kan bencin jira, kansa a jikin bango, baki buɗe. Wasu 'yan sandan gari biyu masu farar hula suna tsaye kusa da shi suna gardamar ƙwallo. Minsharinsa har gilashin matar yake girgizawa. Na taɓa shi, na jijjiga shi, na kira shi da sunan da kakarmu ke kiransa, ko motsi. Lumturi ta dubi agogo, ta ce motarta sai ƙarfe ɗaya, ta zauna gefensa ta ɗora jakarta a cinya, ta ce in ƙyale shi.