Sunan Bature Mai Ƙirgi

Da sunan Allah wanda Ya san asalin kowa. Hayatu ɗan Damagaram ne, ya sauka Faransi shekarar da aka yi zafin nan mai kashe tsofaffi. Karatu ya kawo shi Bron, kusa da Lyon, ya gama, Allah Ya ba shi aiki a wani gidan awon ruwan sha. Yaro ne mai salla, ba ya shaye-shaye, ba ya bin banza. Abu ɗaya ne da shi: ba ya zama wuri guda. Ko tuwo yake ci, ƙafa na rawa.

Ja ne, ja ƙwarai, ga ido kamar na mage. Tun yana lakwal, wato makarantar boko, yara ke kiransa Ɗan Nasara. Kuma ba ƙarya suka yi duka ba. Zamanin da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano, wani Baturen Ingila ya zo sayen fata, ya gina gida ya zauna, ya auri wata mace ƴar Damagaram. Mutane na ce masa Mai Ƙirgi, don fatun shanun da yake saye. Suka haifi Adam. Zazzaɓi ya kashe Baturen yaron bai yi wayo ba, uwar ta goya ɗanta ta koma gida. Adam ya haifi Issa, Issa ya haifi Hayatu. To, sunan Baturen na gaskiya fa, shi ne ya ɓata.

Abin bai taɓa cin ransa ba sai ranar aurensa. A Montreuil, gefen Paris, aka ɗaura, wurin dangin amarya Raihana, mutanen Maraɗi. Aka cika zaure, har da maroƙi. Maroƙi ya kama kakannin amarya yana jero su, wane ɗan wane, har numfashinsa ya ƙare. Ya juyo kan ango.

"Hayatu ɗan Issa! Issa ɗan Adam! Adam ɗan... ɗan..." Ya waiga yana neman mai taimako. Babu. Sai ya ce, "Adam ɗan Bature, Allah Ya san sauran!"

Zaure ya fashe da dariya. Ba mugunta ba ce, raha ce ta biki. Hayatu ma ya yi dariya, amma daga ranar barcinsa ya ragu.

Ya shiga nema. Yana da aboki a Bobigny, kusa da Paris, wani Solomon, Kirista ɗan Jos, ma'aikacin asibiti, mai jin Ingilishi kamar ruwa. Duk hutun da Hayatu ya samu sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, su zauna gaban na'ura suna tonon labarin Turawan Kano na dā. Solomon ya gaji ya ce, "Mutumina, Turawan da suka sayi fata a Kano sun fi gashin kaina yawa. Wa zan tambaya a Ingila? In ce ina neman dangin Mai Ƙirgi? Kawo mini suna, ko guntu ne."

Hayatu ya kira gida. Ubansa Issa ya riga ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Gwaggonni suka ce ba su sani ba. Kowa sai ya ce, "Kaka ce kaɗai. Malam Adam ya faɗa mata."

Kaka matar Adam ce, uwar Issa, tsohuwa mai carbi a hannu kullum. Ya tambaye ta a waya, ta ce layin ba kyau, ta miƙa wa wani. Ya sake, ta sake.

Shekaru suka ɗan ja. Raihana ta samu ciki, likita ya ce namiji ne. Hankalin Hayatu ya ƙara tashi. "Ranar suna ma haka za a yi? Ɗana ya tashi da rami a tsakiyar kakanninsa?" Ana cikin haka yanar ido ta rufe wa Kaka gani, ya yi ta fama da takardu har ya kawo ta Lyon a yi mata aiki. Izinin zamanta gajere ne, da ido ya warke za ta koma. Kuma kowa ya san tsohuwa irin wannan ba za ta sake hawa jirgi ba.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Kaka ta buɗe ido ta ga jikanta, ta ce, "Ashe har yanzu mijin nawa bai yi ƙiba ba. Raihana, ba kya ba shi abinci ne?"

"Ina ba shi, Kaka. Ba ya zama ne ya ci."

Bai bari ta huta ba. Da safe kafin ya fita aiki ya durƙusa gabanta.

"Kaka, don Allah, mi ne sunan uban Malam Adam?"

Ta ja mayafi. "Kai, tashi ka ba ni wuri."

"Suna ne kawai, Kaka."

"Surukina ne. Uban mijina. Na tsufa haka ban taɓa kama sunan mijina da bakina ba, sai na kama na wanda ya haife shi? Faransi ta cinye maka kunya?"

"Ai ya mutu tun kafin a haife ki. Kuma Nasara ne, su ba su damu da wannan ba."

"Shi bai damu ba, ni na damu. Mutuwa ba ta kashe surukuta."

Ya bi ta nan, ya bi ta can. Ya ce ta raɗa wa Raihana a kunne, ta ce raɗa ma da baki ake yinta. Ya ce ta faɗa cikin waya ba kowa a ɗakin, ta ce Allah na ɗakin. Ya ɗauko wani malami daga masallacin unguwa ya yi mata bayani cewa addini bai hana ba. Ta saurara da ladabi, ta sa aka dama masa fura, ta ce, "Malam, na gode. Ban ce haramun ne ba. Bakina ne ba ya iyawa."

Ranar tafiya na matsowa. Hayatu ya rame. Sai ya tashi daga aiki ya hau taram, jirgin cikin gari, ya wuce tasharsu bai sani ba, ya dawo da ƙafa. Wata rana ya ɗaga mata murya, abin da bai taɓa yi ba. "Za ki tafi da shi kabari, Kaka! Ki bar mu ba asali!"

Ta juya fuska bango tana jan carbi. Raihana ta ja shi kicin ta ce, "Wallahi ka sake yi mata haka, ni ma Maraɗi zan bi ta. Tsohuwa ta zo neman ido, ka mai da ta fursuna?" Ya fita, ya dawo da la'asar ya roƙi gafara. Kaka ta yafe, amma bakinta na nan a rufe.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiya, Solomon ya zo daga Paris gaishe da Kaka, da ledar goro da ya samo mata. Hayatu ya ce, "Kaka, ga abokina da nake ba ki labari. Sunansa Solomon."

Kaka na kan kujera. Sai ta sauko ƙasa, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai. "Sannu da zuwa, Abba. An zo lafiya, Abba? Ya mutanen gida?"

Solomon ya rikice, shi ma ya zube ƙasa. "Haba Kaka, ni ne zan durƙusa!" Suka yi ta gaisuwa a ƙasa kamar masu neman allura. Hayatu ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne. Da aka kawo abinci ta ƙi ci a gabansa, ta shige ɗaki.

Raihana ce ta tsaya da ludayi a hannu. Ta kira mijinta gefe.

"Abokanka nawa suka zo gidan nan? Illiassou ya zo, ta ce masa Illiassou mai ƙaton kai. Hassoumi ya zo, ta tsokane shi. Wa ta taɓa durƙusa wa?"

"Ba kowa."

"Kuma mi ta kira shi?"

"Abba."

"Wa kuma take kira Abba a gidanku?"

"Baffana na Tahoua, mai ɗinki. Ai sunansa ke nan, Abba."

"Hayatu, kai da karatunka. An taɓa yanka rago a ce Abba? Babanka ne ɗan fari, shi ne ba ta kama sunansa don kunya, wannan kowa ya sani. To baffanka na uku ne a ɗakinta. Don mi za ta ɓoye nasa, in ba sunan wani babba aka mayar masa ba?"

Hayatu ya tsaya kamar an dasa shi. Tun yana goye yake jin Abba, Abba, gida duka Abba, har abokan cinikinsa. Bai taɓa tunanin akwai wani suna a ƙarƙashi ba. Ya je Paris ya fi a ƙirga, bai taɓa tambayar baffansa ba.

Nan take ya kira Tahoua. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Baffa, mi ne sunanka na yanka?"

"Kai ɗan nema! Daga Faransi ka kira ni ina tsakiyar ɗinki don wannan? Kaka lafiya?"

"Lafiya lau. Don Allah, Baffa."

"Sulaimanu. Tsohonmu ne ya zaɓa da kansa, ya ce kada a canja. Ni ma sai ranar da aka ɗaura mini aure na sake jinsa."

Solomon na jin duka. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ai sunana ke nan. Annabi Sulaimanu, mu Solomon muke ce masa."

Hayatu ya shiga ɗaki a hankali, ya zauna bakin tabarma. Wannan karon bai yi gaggawa ba.

"Kaka, ba sai kin faɗa ba. Baƙon da ke falo, takwaran Mai Ƙirgi ne?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska duka. Can daga ciki ta ce, "Ku dai ƴaƴan yanzu ba ku da ta ido. Je ka ba baƙo ruwa, kada ya ce gidan ba tarbiyya."

Ya kifa kai a gwiwarta ya yi kuka. Ta dafa masa kai, ba ta buɗe fuskar ba.

Kaka ta koma Damagaram da idonta garau, ba ta kama sunan surukinta ba har ta koma ga Mahaliccinta bayan shekara biyu, Allah Ya haskaka kabarinta. Amma ta ji haihuwar. Ranar suna a Bron, Hayatu ya sa wa yaro Sulaimanu. Maroƙin nan na Montreuil ya zo, ya jero har ƙarshe, "Adam ɗan Sulaimanu Mai Ƙirgi!" Ba wanda ya yi dariya. Da aka kira Kaka a waya aka faɗa mata, sai ta ce, "Allah Ya raya Abba ƙarami."

Kada a ce Hayatu ya zauna. Guntun suna ya samu, na dangin Baturen har yau babu, kuma masu suna Solomon a Ingila ba su ƙirguwa. Yana nan yana hawa jirgin Paris, shi da abokinsa suna tono. Raihana kuwa, tunda sunan uban kakan mijinta ne, ba ta taɓa kiran ɗanta da shi ba. Abba take ce masa, maƙwabta ma Abba. Hayatu ne kaɗai, duk safiya kafin ya kai shi lakwal, yake tsayar da shi bakin ƙofa yana ɗaura masa takalmi.

"Mi ne sunanka?"

"Abba."

"A'a. Na yanka."

"Sulaimanu ɗan Hayatu ɗan Issa ɗan Adam ɗan Sulaimanu. Baba, za mu makara!"