Amfiya Goma a Rakubar Kawu Ɗantsoho

Najwa ta iso Gadarif a watan Disamba na 2023, bayan yaƙi ya ci garinsu Madani, da mahaifiyarta da jakar kayan aiki. Shekara tara ta yi tana gyaran lantarki a can Madani. Yayan mahaifiyarta, Kawu Ɗantsoho, mai sayar da tsofaffin batura, ya ba ta gefen rakubarsa, rumfar da ke gaban shagon, ta kafa tebur. Abin da teburin nan ya kawo shi suke ci.

A layin masu batura gwaji ɗaya aka sani. Mai shago ya goga waya a kawunan batirin, tartsatsi ya tashi, mai saye ya ce tamam. Najwa kuwa ta haɗa wata na'ura da hannunta: taransistoci huɗu ɗaure a jikin farantin alminiyom, da fankar tsohuwar kwamfuta tana fifita su. Jihaz take ce mata. In ta saita ta a amfiya goma, goma za ta ja daga batiri, ba ragi. In da ƙwan fitila aka yi gwajin, yakan rage jan wuta idan batiri ya raunana, sai ya rufa masa asiri. Jihaz kuwa, batiri na raunana tana ƙara buɗe hanya, kamar mai kula da ƙofar ruwa a gonakin Jazira. Wutar da ta ja ta zama zafi, fanka ta kore shi.

Kawu ya yarda ta gwada baturan taraktoci daga gonakin Simsim. Nasa ne ya hana.

Wata Talata, lokacin yankan riɗi, wani ma'aikacin lafiya mai suna Nu'uman ya zo daga wani ƙauye kusa da Basunda. Batiri yake nema wa firjin da suke ajiye maganin saran maciji. Kawu ya goga waya, tartsatsi ya watsu.

"Ka gani? Kamar walƙiyar damina!"

Nu'uman ya dubi teburin Najwa. "Ustaza, ko za ki ɗora masa naki?"

"Wannan injin ƙarya ce da shi," in ji Kawu. "Najwa, in ya taɓa batirina, ki kwashe teburinki."

"Kawu, tartsatsi ko batirin da ya mutu bara yana yi."

"Tun ba a haifi uwarki ba nake wannan sana'a!"

"Allah ya ƙara girma. Amma maciji bai san shekarunka ba."

Masu shagunan kusa suka yi dariya. Ta maƙala wayoyin, ta murɗa zuwa goma. A jikin batirin an rubuta ɗari, wato ya kamata ya jure wajen awa goma. Mita ta nuna bolt sha biyu da rabi. Fanka na ta juyi, Kawu na ta jan carbi. Minti ashirin da biyar, mita ta faɗo ƙasa da sha ɗaya tana ci gaba da sauka.

"Firjinka ba zai kai la'asar ba," ta ce wa Nu'uman. Ya yi godiya, ya wuce shagon gaba, ya dawo da wani batirin. Ta ɗora masa jihaz, wannan ya tsaya daram har azahar.

Ba ta jira Kawu ya maimaita mata ta kwashe teburinta ba. Ta ɗaura jihaz da mayafinta, ta ja teburin ta tsallaka titi zuwa gindin wata dalbejiya, kusa da Fatna mai shayi. Da rana inuwar takan gudu, ita ma ta bi ta da teburin. Masu taraktocin da Kawu ke turo mata sun ragu, a gida kuma mahaifiyarta ta yi mako ba ta yi mata magana ba.

Shekara guda ke nan tana wurin. Kullum da safe takan ɗaga murya ta gaida Kawu daga tsallaken titi, bai taɓa amsawa ba. Sai ta goge farantin alminiyom, ta murɗa zuwa goma.