Mai Koriyar Falcon

Duk Lahadi masu tsofaffin motoci kan taru a bakin kogi, nan garin Rosario, ana shan shayin mate ana zagin motocin zamani. Yau akwai baƙo, wani dattijo mai askin soja, riga a goge tsaf, yana tsaye jikin koriyar mota ƙirar Falcon. Ya juya hancinta wajen mafita, bai kuma kashe inji ba.

Fabián bakanike yana shafa ƙarfen. "Baba, wannan ita ce mota. Na yanzu duk roba ce."

"Na yanzu bakinsu ba ya shiru," in ji dattijon a hankali. "Kwamfutarsu tana tuna duk inda ka je. Wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa komai ba."

Ana dariya, ban da ni. Mu da muka girma a mulkin soja mun san irin wannan koriyar, marar lamba, mai tsayawa a ƙofar gida ta ɗauki mutum, ba a sake ganinsa. Wataƙila gadonta ya yi. Wataƙila sha'awa ce kawai.

Na leƙa kujerar baya. Komai na asali yana nan yana ƙyalli, sai hannun buɗe ƙofa ta ciki, duka biyun an cire.

Dattijon ya rufe but ɗin bayan motar, ya karkata kai kamar mai saurare, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kamar na san fuskar nan," ya ce. "Ɗan gidan wa ne kai?"