Mai Diga da Ramin Yayan Matarsa

Mai Diga ba ya kallon mutum sai ya auna shi, kuma bai taɓa ɓoye wannan hali ba. Shekara talatin yana haƙar kabari. In ka gaishe shi, sai idonsa ya bi ka daga sama har ƙasa kafin ya amsa: "Lafiya lau. Kai taku shida ne da rabi, amma kafaɗarka za ta ba ni wahala." Ko matarsa, ranar da ya fara ganinta, ce mata ya yi ita aikin rabin yini ce. Ta aure shi a haka, wai ko ba komai ba maƙaryaci ba ne.

Su uku ne a maƙabartar kafin annobar sarƙe numfashi ta shigo jihar. A wata na biyu aka binne ɗaya. Ɗayan ya jingine shebur ya ce zai je shan ruwa, har yau yana can yana sha. Aka bar Mai Diga shi kaɗai da tsohon bayansa, wanda kullum da safe sai matar ta taka masa kafin ya iya miƙewa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: gawa ba ta taɓa jiransa a rana ba. Yanzu kuwa ana kawo wata kafin ya rufe wata.

Wata safiya rediyo ya ce mutum bakwai suka rasu jiya a faɗin jihar.

"Bakwai?" in ji shi, yana kwance ana taka shi. "Ni tara na binne. Sauran biyun baƙi ne ke nan."

Sai ya ɓullo da dabara. A hanyarsa ta zuwa aiki yakan kasa kunne ya ji gidan da tari ya yi tsanani. Tunda ya san tsawon kowa a unguwar, in ya samu sarari sai ya haƙa ramin mai tarin ya ajiye. Sau da yawa yakan dace.

Da aka kwashi yayan matarsa zuwa wurin killace masu cutar, Mai Diga bai ɓata lokaci ba. Mutumin tsohon hedimasta ne, dogo, ga faɗi. Kwana biyu Mai Diga yana fama da raminsa, don ya faɗo kan dutse. Bayan mako uku sai ga hedimasta ya dawo da ƙafarsa, ya rame amma bakin nan yana nan. Labarin ramin ya riga shi isa gida, don haka ya zarce maƙabarta. Ya tarar da Mai Diga cikin ramin yana kwashe ƙasar da ta zube.

"An ce ka yi mini ɗaki."

"Yaya, sannu da jiki. Ai gata na yi maka. Wasu sai sun yi layi."

"Ƙanwata ta sani?"

"Ita ta ce in ƙara faɗi."

Hedimasta ya leƙa, ya daɗe yana dubawa kamar mai duba jarrabawa. "Gefen nan ya karkace."

Mai Diga ya yunƙura don ya nuna masa ba karkata ba ce, nan take bayan ya riƙe. Ya kasa miƙewa, ya kasa fita, ga wata mota ta tsaya a ƙofa da gawa. Haka hedimasta, mai haki, ya jawo shi waje da igiya, ya jingina shi da bishiya. Gawar ta wani gajeren tela ce, aka sa shi a ramin dogon, ya samu ɗaki har da falo. Ranar dai gawa ba ta jira ba, amma Mai Diga ya san gobe babu wani rami a ajiye.

Da yamma ma'aikatan lafiya suka biyo unguwar da lasifika suna roƙon mutane su zauna a gida. Babu mai saurarensu, sai wata daga cikinsu ta miƙa wa Mai Diga, wai ko za a ji tsoronsa. Daga kan tabarmarsa a ƙofar gida ya karɓa.

"Jama'a, bayana ya ƙare. Ƙanana da sirara, ku yi yadda kuka ga dama, zan lallaɓa. Amma dogaye da masu tumbi, don Allah ku sa takunkumi ku zauna a ɗaki, ku ɗaga mini ƙafa har in warke."