Hajiyar Baba Issaka da 'Yan Baladiya

In na ce maka na yi shekara biyu da wani abu ina yi wa mota wankan tsumma kullum, motar da ba ta ubana ba ce, motar da ko tari ta daina yi balle tafiya, za ka ce Nura ya fara zubar da ya saba. To ka yarda ko kar ka yarda, duk layinmu na unguwar Old Airport a Doha shaida ne, har da magen da ke kwana a ƙarƙashinta.

Wata safiyar Juma'a ce a farkon Maris na shekarar korona, ina ɗan sha biyu, Baba Issaka ya ƙwala mini kira daga bakin get. Dattijo ne ɗan Zongon Kumasi, direban bas ɗin wata makaranta, ɗakinsa na jikin get ɗin gidan da muke haya. Gidan kuwa babba ne da aka yayyanka da katako: mu 'yan Zariya a ƙasa, 'yan Sudan a sama, Indiyawa ta baya, in wani ya soya albasa kowa sai ya yi hawaye. Na same shi da akwati, zai je gida auren 'yarsa, wai wata ɗaya ya dawo. Ya danƙa mini makullin tsohuwar motarsa mai ruwan toka, wadda yake kira Hajiya, ya ce da Hausarsa da ba ta san mace ba: "Ɗan Najeriya, ga Hajiya nan. Bai son ƙura. Baladiya ya gan shi da ƙura, khalas, ya tafi."

Wanda bai zauna Doha ba ba zai gane wannan tsoron ba. Baladiya ita ce ƙaramar hukumar gari, mu yaran unguwa kuma mun fi jin tsoronta a kan bulalar Islamiyya. Ka shanya wando a baranda, tara. Ka wanke mota da tiyo ruwa ya gangaro titi, tara. Ni a lokacin na ɗauka ko atishawa ka yi ba bisa ƙa'ida ba sai sun aiko. Mota kuwa in ta daɗe a waje ɗaya ta yi buɗu-buɗu, sai su ɗauka yar da ita aka yi, su manna mata sitika su ba da wa'adi, in mai ita bai fito ba janwe ya zo ya yi gaba da ita.

Hajiya ba motar da za a yi taƙama da ita ba ce. Ƙofa ɗaya sai an daka mata kafaɗa, na'urar sanyinta kuwa hucin tanderu take fitarwa. Amma ita ke kwasarmu duk Juma'a da yamma zuwa gonakin Umm Salal, mu sayo tumatir da ganye, mu leƙa raguna, Baba Issaka na tuƙi yana zagin ƙwallon Najeriya tun daga fita har dawowa, ni kuma ina ramawa daga kujerar baya, bisa cinyar Hisham ɗan maƙwabtanmu 'yan Sudan.

Bai cika sati biyu da tafiya ba aka rufe komai. Makaranta ta koma cikin waya, masallacin layinmu ya zama sai kiran salla kawai, babana da ke ɗakin gwaje-gwaje na asibiti in ya dawo sai ya tuɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya faɗa kwata. Wata ɗayan Baba Issaka ya miƙe ya ƙi ƙarewa. Ni kuwa Hajiya ce ta zama hanyar shan iskata. Da safe in saka takunkumi, in ɗauki tsumma da ɗan ruwa a gorar lemo, in goge ta tsaf ba tare da ɗigo ya taɓa kwalta ba, in kunna ta ta ɗan yi gurnani, in ɗauki hoto in tura Kumasi. Sai ya aiko da murya: "Ka bar madubin hagu, malalaci." Daga Ghana fa!

Wajen ƙarshen zafin bazara muryar ta daina zuwa. Na yi ta tura hotuna ba amsa. Ran nan da hantsi na tarar da Mama zaune a kan buhun shinkafa a kicin, ba ta girki, ba ta komai. Ta ce, "Nura, Allah ya yi wa Baba Issaka rasuwa. Numfashi ne ya sarƙe shi." Ban yi kuka ba. Na ɗauki tsummana na fita, don ban san wani wajen da zan je ba.

Babana ya bi hanyoyi ya gaji. Mota da sunan mamaci take, magada suna wata ƙasa, ba a sayarwa, ba a sabunta takardarta. Ya ce in haƙura. Na ce to, washegari na koma bakin aikina. Batir ya mutu, tayoyi suka zauna, ni da Hisham muka riƙa ba su iska da famfon keke har hannu ya yi kanta. Muka kuma ƙirƙiro dabara: duk bayan 'yan kwanaki mu tara yaran gida mu tura ta daga inuwar bango zuwa gaban shagon wanki, in an jima mu maido ta, don a ga tana zirga-zirga. Na rantse babu motar da ta kai ta yawo a Doha ba tare da ta sha mai ba.

Da Ghana ta fitar da Najeriya ta samu gurbin gasar cin kofin duniya, na shiga cikinta na zauna a kujerar baya. Ranar da ya kamata a cinye ni da tsiya ce, ba mai yi. Nan ne kukan ya zo, har Hisham ya leƙo ya koma.

Gasar kuwa a nan Doha za a yi ta, tana matsowa aka shiga yi wa gari kwalliya kamar amarya. Aka yi wa gefen titi fenti, aka dasa furanni inda ko ciyawa ba ta taɓa yarda ta fito ba, motocin baladiya suka riƙa zagaye layi-layi. Na dawo makaranta na tarar da sitika a gilashin Hajiya, ga motar tana ƙyalli kamar yadda na bar ta. Ashe lamba suke dubawa, ba ƙura ba. Da wa'adin ya cika janwe ya zo da rana tsaka. Ma'aikacin baladiyar da ya zo da janwen bai yi mini tsawa ba, tambaya kawai ya yi ina mai ita, na ce masa ya rasu. Ya dafa kafaɗata, ya ce wa direba yalla, wato a tafi. Na miƙa masa makullin da kaina.

Yanzu na girma, muna unguwar Ain Khaled a bene mai wajen ajiye mota a ƙarƙashin ƙasa, inji ke wanke motar babana ba ruwan kowa. In na bi ta tsohon layinmu, gurbin Hajiya wata doguwar baƙar mota ke ciki, ban san mai ita ba, shi ma bai san ni ba. Yaran gidan duk mun watse.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yammacin ranar. Babana ya kira Mma Adiza, matar marigayin, ya miƙo mini waya. Na dinga shessheƙa ina ba ta haƙuri, ina cewa sun manna sitika, sun ba mu wa'adi, na kasa yin komai. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce:

"Kai yaro, rufe mini baki. Ku har wa'adi aka ba ku? Ni da aka zo ɗaukar mai motar, ko sitika ba a manna mini ba."